Takobin Japan da kaka ya dawo da shi daga Bama: ta ina ake gane shekarunsa?

Tambaya: Malam, kakanmu yana cikin sojan da suka je yaƙin Bama, ya dawo da wani takobi mai lanƙwasa da ya ce na hafsan Japan ne. Kubensa na ƙarfe ne mai ruwan ƙasa, da zobe ɗaya na ratayawa, mariƙin kuma an naɗe shi da zare, da wasu 'yan furanni na tagulla. Yanzu yana hannuna. Na so in kai wa mai washi ya goge tsatsar, sai wani ya hana ni. Yaya zan san shekarunsa? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Allah ya jiƙan kaka, ya kuma saka wa wanda ya hana ka da alheri. Labarin ya yi daidai da tarihi, don rundunoni na 81 da 82 na Afirka ta Yamma sun gwabza da Japanawa a yankin Arakan na ƙasar Bama a 1944 da 1945.

Kuben da ka kwatanta ya yi kama da kayan takobin hafsoshin sojan ƙasa na Japan, samfurin da aka fito da shi a 1938. In akwai tuntu a gindin mariƙin, duba launinsa: ruwan ƙasa da shuɗi na ƙananan hafsoshi ne, ruwan ƙasa da ja na manya. Sai dai kube da mariƙi riga ce kawai. Hafsoshi da yawa an ƙera musu sabon ƙarfe ne a lokacin yaƙin, wasu kuwa takobin gado suka ɗauko daga gida, mai shekara ɗari uku ko fiye, suka sa masa kayan soja. Saboda haka ƙarfen za a tambaya.

Amsar tana ɓoye cikin mariƙi. Akwai wani ɗan tsinken gora da ya ratsa shi, shi ke riƙe komai. Tura shi a hankali ya fita, ka zare mariƙin, za ka ga wutsiyar ƙarfen, wadda Japanawa ke kira nakago. Nan maƙeri ke sassaƙa sunansa, wani lokaci da garinsa, a ɗaya gefen kuma shekara. Ba irin lissafinmu suke yi ba, da zamanin sarauta suke ƙirgawa. Zamanin Showa ya fara a 1926, don haka sai ka ƙara 1925 a kan lambar da ka gani: Showa 18 ita ce 1943. Goma a rubutunsu kamar alamar tarawa take, biyu kuma layi biyu ne a kwance, to layi biyu da alamar tarawa a bayansu ashirin ke nan, wato 1945.

Duba kuma ko akwai ɗan ƙaramin hatimi sama da sunan. Hatimin Showa mai siffar fure, ko na garin Seki, yawanci alama ce ta takobin da ba a bi hanyar gargajiya ba wajen ƙera shi. Yana da daraja ta tarihi, amma masana ba sa lissafa shi cikin aikin gwanaye. In kuwa lambobi ka gani a jere a kan ruwan takobin, mariƙin kuma zubin ƙarfe ne da aka yi wa zanen zare, na su saje ne, aikin inji.

Yanzu ga dalilin hana ka gogewa. Tsatsar wutsiyar nan ita ce takardar haihuwarsa. Na zamanin yaƙi, ƙarfen na nan da haske ko tsatsa ja-ja, sawun magagari raɗau. Wanda ya daɗe, wutsiyar ta yi baƙi ƙirin, ta yi laushin gani, sawun ya dushe. Ramuka biyu ko uku kan nuna an sauya masa mariƙi ko an rage tsawonsa. Da wannan, da yanayin lanƙwasa, da farin layin nan mai kama da gajimare a bakin kaifi, wanda suke kira hamon, ake raba na kafin 1596 da na bayansa, har zuwa 1876 da aka hana yawo da takobi a Japan. Wanda ya kankare wutsiyar ya share shaidar, ba kuma ta dawowa.

Ni dai ba na saurin murna da babban suna. Tun ɗaruruwan shekaru ake sassaƙa sunayen shahararrun maƙera a kan aikin da ba nasu ba, tsofaffi na gaske da dama kuma ba su da suna sam. Hukuncin da masu saye ke yarda da shi takarda ce daga irin ƙungiyar NBTHK ta Tokyo mai tantance takubban Japan, wadda aka kafa a 1948, kuma sai sun riƙe takobin a hannu.

Kafin nan, kada yatsa ya taɓa ruwansa, gumi na cin ƙarfe. Shafa masa man keken ɗinki kaɗan da tsumma mai laushi, ban da wutsiyar, ka ajiye shi a kwance inda damshin damina ba ya kaiwa. Ka ɗauki hoton wutsiyar gefe biyu, tsinin takobin yana kallon sama, da hoton ƙarfen gaba ɗaya tsirara, ka auna tsawon kaifin, ka aiko mana mu karanta rubutun.