Amsa ga ɗana kan zancen ɗori

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ƙanenka ya faɗi daga kabu-kabu wajen Sabon Gari, hannunsa ya karye, gwaggonku ta nace sai maɗori, kai kuma daga Yamai kana tambaya ko wannan al'ada tana da tushe. Tana da shi. Ɗori gado ne, tun kafin a gina likita a Maraɗi ake yin sa, kuma ni kaina an ɗora ni ina yaro. Har yau ina tuna sanyin man shanu a fatata, da kararen da aka fere aka jera, da tsumman da aka naɗe, tsohon yana tofi yana ja a hankali.

Amma ka gane abin da maɗori yake yi. Ba shi ke haɗa ƙashi ba. Ƙashi abu ne mai rai, da jini da ɓargo a cikinsa. In ya karye, jini ya taru a bakin karayar, ya zama guringuntsi, sannan ya ƙanƙare ya koma ƙashi. Aikin mai ɗori shi ne ya daidaita bakin biyu, ya hana su motsi. Hannu yakan ɗauki sati 6 ko fiye, ƙashin cinya kuwa, da ya fi kowane tsawo da ƙarfi, sai wata 3 ko sama da haka. Na yaro ya fi saurin kamawa.

Babba yana da ƙasusuwa 206. Hannu ɗaya, daga wuyan hannu zuwa yatsu, yana da 27. Tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu guda biyu ne suke tafiya tare, ɗaya yana juyawa kan ɗaya, shi ya sa kake iya kife tafinka ka buɗe. In suka warke a karkace, wannan juyi ya tafi. Ranar layya ka tsaya kusa da mahauci in yana raba ƙafar rago: za ka ga kan ƙashi fari fat, sumul, da ruwa mai yauƙi, da jijiyoyin da suka ɗaure gaɓar, da agarar da tsoka ke ja da ita. Namu ma haka yake. Targaɗe jijiyar gaɓa ce ta ji ciwo, gocewa ƙashi ne ya fita daga mazauninsa, karaya daban. Lalube da yatsa ba ya bambanta su kullum, hoton ƙashi da ake ɗauka a likita ke bambantawa.

Abin da ke hana ni barci shi ne ɗauri. Hannun da ya karye kumbura yake yi, in an tamke shi sosai jini ya kasa wucewa, tsoka ta mutu. Na ga yaron maƙwabta da aka ce ya daure, zafin magani ne. Kwana uku yatsunsa suka yi baƙi, aka yanke hannun. Uwarsa har yanzu ba ta iya zancen.

Don haka a kai ƙanenka a ɗauki hoto tukuna, gwaggonku ni zan yi mata magana da kaina. In ƙashi ya huda fata, ko karayar ta shiga gaɓa, likita ne kawai. In kuwa an riga an ɗora, a duba yatsun yau da dare: a matsa farce, in ya yi fari bai koma ja nan take ba, ko yatsun sun yi sanyi, ko ba ya jin su, a kwance ɗaurin a tafi da shi, kada a jira safiya. Ka kira ni bayan isha'i in ji halin da ake ciki.