Ba aure tsakaninmu, zai iya ƙwace min yaro in na koma Zariya?

Tambaya: Salam Barista, dan Allah a ɓoye sunana. Ina zaune a Idi-Araba a Legas, ina da yaro ɗan shekara 4 da wani ɗan kasuwa a Mile 12, ƙaddara ce ta faɗa mana ba a ɗaura aure ba, yanzu kuma mun rabu. Ina so in koma Zariya wajen mahaifiyata, shi kuma yace in na kuskura na tafi da yaron sai ya ƙwace shi tunda ɗa na uba ne. Yana da wannan ikon?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Bashi da ikon ƙwace yaro da ƙarfi, ko ya zo da 'yan sanda, dan ba caji ofis ke raba riƙon yaro ba, kotu ce. Amma kema kar ki sulale da daddare ki hau mota, anan ne mata da yawa ke ɓata shari'arsu da hannunsu.

Kinga a Legas dokar da ke aiki ita ce dokar haƙƙin yara ta jiha ta 2007, wadda aka ɗauko daga ta tarayya ta 2003, kuma abinda ta sa a gaba shine maslahar yaron, ba wai wa ya fi kuɗi ko wa ya fi baki ba. Rashin aure baya hana uba ko uwa zuwa kotun iyali, akwai ta a matakin majistare akwai a babbar kotu, kowa zai iya neman riƙo ko damar ganin ɗansa. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ma ya hana a tauye wa mutum haƙƙi saboda yadda aka haife shi. To maganar "ɗa na uba ne" magana ce ta zaure, alƙali ba da ita yake aiki ba. Abinda zai duba shine a hannun wa yaron ya taso, wa ke kaishi makaranta da asibiti, ina zai kwana, wani lokaci har jami'an walwala ake turawa su ga gidan. Yaro ƙarami irin naki yawanci wajen uwa ake barinshi sai in an kawo hujjar sakaci, amma fa ba dole bane.

Yanzu batun tafiyar, nan ne aikin yake. Idan dama akwai umarnin kotu da ya bashi ranakun ziyara, kika kwashe yaron ba izini, kin raina kotu kenan. Idan babu umarni ba laifi kika yi ba dan kin koma garinku, sai dai shi zai iya rugawa kotu yace kin raba shi da ɗansa, ki dinga zirga-zirgar Zariya zuwa Legas, tafiyar kwana a mota da yaro a cinya, wallahi ba wasa bane. Shi yasa nake cewa ki riga shi. Ki je cibiyar sasanci ta ma'aikatar shari'a ta jiha, kyauta ce, ko ofishin lauyoyin gwamnatin jiha masu kare marasa hali, a zauna a rubuta komai, hutun makaranta nawa zai yi wajen babansa, babbar sallah ko ƙarama, wa zai biya kuɗin mota, kiran bidiyo sau nawa a sati, nawa zai dinga turowa na ci da makaranta, sannan a kai kotu ta sa hannu. Sulhun Sarkin Hausawa ko limamin unguwa yana da kyau, ni kaina ina tura mutane, amma in dai a baki ya tsaya ran da aka ɓata kowa zai ce ba haka aka yi ba.

Shi ma ya kamata ya yi lissafi, a Zariya akwai kotun shari'ar Musulunci, kuma a mazhabar Malikiyya yaron da aka samu ba aure ga uwarsa ake jingina shi, dan haka sasanci tun a nan ya fi masa alheri.

Kar ki hana shi ganin yaron dan bai turo kuɗi ba, ciyarwa daban ziyara daban. Ki adana takardar haihuwa, katin asibiti, rasit ɗin makaranta, da saƙonnin barazanar da ya turo miki a WhatsApp, kar ki goge ko ɗaya, da su zaki je ranar zaman farko.