Yahudawa masu rubuta Larabci da baƙaƙensu

Ka tambaya ko gaskiya ne akwai Yahudawan da Larabci ne harshen gidansu. Ƙwarai kuwa, ɗan'uwa, kuma sun yi ƙarnoni a haka: a Yaman, Iraƙi, Masar, Maroko da Andalus. Abin sha'awar shi ne yadda suke rubuta shi. A baki Larabci ne, a takarda kuwa da baƙaƙen Ibrananci, kamar dai yadda malamanmu suka ɗauki haruffan Larabci suka rubuta Hausa da ajami. Babban malaminsu Musa bin Maimun, haifaffen Ƙurɗuba ta Andalus da ya rasu a Masar a 1204, da irin wannan rubutu ya wallafa littafinsa Dalalatul Ha'irin.

Shaidar da ta fi ratsa ni tana Fusɗaɗ, tsohuwar Alƙahira. A al'adar Yahudawa ba a zubar da takarda mai sunan Allah a bola. Sai a adana ta a wani ɗaki na wurin ibada da suke kira geniza. Duk wanda ya taɓa tsintar takardar Alƙur'ani a ƙasa ya soke ta a jikin katanga zai gane wannan ladabi. A genizar majami'ar Yahudawa ta Ben Ezra da ke Fusɗaɗ takardu suka yi ta taruwa, har wani malami Bayahude mai suna Solomon Schechter ya kwashe gutsure kusan 193,000 zuwa Jami'ar Kambirij a 1897. A ciki akwai takardun aure, wasiƙun fatake masu safara zuwa Indiya, rubutun magani, har da takardun yara masu koyon baƙi, da 'yan zane-zanensu a gefe.