Sabon kayan ruwan inabi marar barasa: abin dubawa kafin ka jera a shago

Alhaji, ka ce an sauke maka katan-katan na ruwan inabi mai gas a shagonka na Gombe, kana tambayar me za ka duba. Fara da takardar kwalbar. Wanda aka rubuta barasa 0.0% daban yake da wanda aka yi giya da shi sannan aka cire barasar, domin na biyun yakan kasance da sauran barasa har 0.5%. Masu sayen kayan biki za su tambaye ka, kuma hakkinsu ne ka faɗa musu gaskiya.

Sai lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Ɗaga kwalbar ta fuskanci haske: in ruwan ya yi duhu ko ya gurɓace, ko murfin yana danƙo, rana ta dafa shi a mota, ka mayar.

Zafin Maris da Afrilu shi ne babban abokin gaba. Sukari ne cike a ciki, ga gas, zafi na ƙara matsi har murfi ya fara yoyo. Ajiye katan a ɗaki na ciki, kan katako, nesa da kwanon rufi da janareto. Kada ka saka a firiza, ƙanƙara na fasa kwalba.

Kwalba mai santilita 75 tana cika ƙananan kofuna shida.