Ku Tambaya Mu Amsa: Yaron nan Jeanty da ƙwallon zari-ruga ta Amurka

TAMBAYA: Salam Malam, barka da ƙoƙari. Wani abokina ne da ke karatu a Amurka ya dame ni da turo bidiyon wani gajeren yaro wai shi Ashton Jeanty yana ta watsar da ƙarti a fili, ya ce a jami'a babu kamarsa. To amma da aka ɗauke shi babbar gasa sai na ga kamar ya yi sanyi. Wai zuzuta shi aka yi ne ko kuwa? Kuma me ya haɗa jami'a da ƙwallo? Daga wani ɗalibi, Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Bari mu fara da aikinsa tukuna don kar mu yi ta magana a duhu. Gurbin da yake bugawa shi ake ce wa ranin-bak, wato shi ake danƙa wa ƙwallo a ciki ya rungume ta ya kutsa tsakiyar mutane da gudu. Sau huɗu ake ba ƙungiya dama ta ci yadi 10, eh yadi dai irin wanda ake auna shadda da shi, in ta ci a sake ba ta wasu huɗun, in ya kai ƙarshen fili, wato ya shiga gida, maki shida ke nan. Shi ya sa za ka ji ana ta lissafin yadi kamar 'yan Kwari.

Maganar jami'a kuwa, su can ba su da akademi irin ta Barcelona, jami'o'i ne ke renon 'yan wasa, kuma ƙa'idar NFL, wato babbar gasar ƙwararru ta Amurka, sai ka shekara uku da gama sakandare kafin a ɗauke ka. Jeanty an haife shi a 2003, babansa sojan ruwa ne, har zaman Italiya sun yi a Naples, daga baya suka koma Frisco a jihar Texas. Boise State ce ta ɗauke shi, makarantar nan mai shuɗin fili da ke jihar Idaho, ba ta cikin manyan gidaje irin su Alabama ko Ohio State. A 2023 ya ci yadi 1,347, sai kuma 2024 ta zo, nan fa abin ya zama abin kallo, wasan farko kawai da Georgia Southern ya ci yadi 267 ya shiga gida sau shida, ya ƙare kakar da yadi 2,601. Tarihin yadi mafi yawa a kaka ɗaya a wasan jami'o'i da Barry Sanders ya kafa tun 1988 yadi 2,628 ne, ka ga saura 27 kacal. Amma dai a faɗi gaskiya, Sanders a wasa 11 ya tara nasa, shi kuwa Jeanty 14 ya buga. Kyautar Heisman ma, wadda ake ba gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara, na biyu ya zo, Travis Hunter na Colorado ya tafi da ita, ni dai har yau abin bai kwanta min ba.

To yanzu ga inda gizo ke saƙar. A NFL ba a sayen sabon ɗan wasa kamar yadda Madrid ke zuba kuɗi, zaɓe ake yi bi da bi, kuma ƙungiyar da ta fi shan kashi bara ita ke fara zaɓa. Wato gwanintarka ce ma ke kai ka gidan da ya fi lalacewa. A Afrilun 2025 Las Vegas Raiders suka ɗauke shi a lamba ta shida, ka san kuwa mai zaɓa a ta shida ba daga cin kofi ya dawo ba. Shi kuma ranin-bak abincinsa yana hannun ƙarti biyar ɗin nan da ke gabansa, su ne za su ture mutane su buɗa masa kafa, in ba su buɗa ba ko barewa ce sai an kama ta tun kafin ta ɗaga ƙafa. Wasansa na farko da New England sau 19 aka ba shi ƙwallo, yadi 38 ya samu. Na kalli wani ɓangare na wasan, wallahi ƙwallo na shiga hannunsa za ka ga har mutum ya riga ya rataya a wuyansa.

Akwai kuma wani abin dariya. A Boise tsayuwa yake ƙiƙam kafin a fara, hannuwa a sake kamar mai jiran mota a bakin titi, alhali sauran duk a rusune suke. Da ya zo Raiders sai kociya Chip Kelly ya ce a'a ya riƙa lanƙwasa gwiwa. A wasa na huɗu da Chicago ya koma tsayuwarsa ta da, ya ci yadi 138 ya shiga gida sau uku, amma duk da haka aka ci su 25 da 24. Ba zuzuta shi aka yi ba ƙanena, ka ba shi shekara biyu ko uku, ka kuma zuba ido kan waɗanda za a saya a sa a gabansa.

TAMBAYA: Malam ko akwai namu 'yan Najeriya da suka taɓa buga wannan gurbin? Daga wata mai karatu, Kaduna.

AMSA: Akwai mana Hajiya. Christian Okoye ɗan Inugu ne, shi ya fi kowa yadi a NFL a 1989 da rigar Kansas City. Sai Jay Ajayi, iyayensa 'yan Najeriya ne amma a Landan aka haife shi, kuma abin mamaki shi ma Frisco ya yi sakandare, shi ma Boise State ya yi. Sai a zagaye na biyar na zaɓen 'yan wasa Miami suka ɗauke shi a 2015 saboda ana tsoron gwiwarsa, ya je ya ci Super Bowl, wato kofin NFL, da rigar Philadelphia a farkon 2018, kakar da ta biyo baya jijiyar gwiwa ta tsinke, daga nan bai ƙara komawa daidai ba.