Kwaɗona ya sauya launi, ya rage cin abinci

Tambaya: Wata biyu ke nan da na soma kiwon koren kwaɗon bishiya, irin wanda asalinsa daga Ostareliya ne, a cikin akwatin gilashi a ɗakina. Kwanan nan launinsa ya koma ruwan ƙasa, ya rage cin abinci, kuma yakan wuni a cikin kwanon ruwa. Ruwan famfo nake zuba masa, kuma ina ɗaukarsa a hannu kullum. Me ya same shi?
Daga wata mai karatu

Amsa: Malama, sauyin launin shi kaɗai ba abin tayar da hankali ba ne, domin wannan kwaɗo yakan koma ruwan ƙasa ko kore gwargwadon zafi da hasken wurin da yake. Ruwan famfon da yawan ɗaukarsa su ne suka fi damuna.

Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki. Ta fatarsa yake tsotsa, musamman fatar cikinsa, kuma ta nan yake yin wani ɓangare na numfashinsa, saboda haka sinadarin kulorin da ke cikin ruwan famfo, da sabulu ko man shafawa ko turaren da ya rage a tafin hannunki, duk kai tsaye suke shiga jikinsa. Ki riƙa ɗiga maganin cire kulorin, irin na masu kiwon kifi, kafin ki zuba masa ruwa, sannan ki sauya ruwan kowace rana, tun da a ciki yake yin kashi. Ɗauka kuwa, sai idan ta zama dole, da jiƙaƙƙen hannu wanda aka ɗauraye sosai, kuma ki wanke hannu bayan haka, domin kwaɗi kan ɗauki ƙwayar cutar salmonela.

Zafin akwatin ya tsaya tsakanin digiri 24 da 29 a ma'aunin Salshiyas da rana, ya ɗan sauka da dare. Sanyi kan kashe masa sha'awar abinci. Dabbar dare ce, don haka da yamma za ki ba shi gyare masu rai, waɗanda aka barbaɗa wa garin kalsiyam mai bitamin D3, don kada ƙasusuwansa su yi laushi. Babban kwaɗo sau biyu ko uku a mako ya ishe shi, domin irin wannan yana da haɗama, yana kuma saurin ƙiba.

Idan kika ga cinyoyinsa da cikinsa sun yi ja, ko ya kumbura, ko ya kasa manne wa gilashi, kada ki jira ya warke da kansa. Ki kai shi wurin likitan dabbobi a ranar.