Na Shigo Ajin Fiziks a Makare

Tambaya: Malam, salamu alaikum. Mun taso daga Katsina zuwa Agege a tsakiyar zango na biyu, aka sa ni SS1. Na tarar har sun kai dokokin Newton a Fiziks, ni kuwa ko bakin zaren ban kama ba. Ta ina zan fara? Ɗaliba daga Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki aro littafin ƙawarki ki kwana kina kwafa. Hannu zai gaji, kai kuma fayau.

Koma kan awo tukuna: mita, kilogiram, sakan. A nan na ga ɗalibaina sun fi tuntuɓe. Ɗauki gadar Third Mainland ta Legas, tsawonta wajen kilomita 11.8. A ce danfo, wato ƙaramar bas ta haya, ta ƙetare ta cikin minti 10 (ran da babu cunkoso ke nan, kin dai san Legas). Mayar da kilomitan mita 11,800, mintin kuma sakan 600, sai ki raba. Gudun motar ya kusa mita 20 a sakan guda. Yi irin wannan sau biyar kullum bayan Magariba, da biro, ba da ido ba.

Sai juya lissafi. In ƙarfi shi ne nauyi (wanda ake aunawa da kilogiram) sau ƙaruwar gudu, dokar Newton ta biyu ke nan, to ki iya fito da nauyin shi kaɗai ta hanyar raba ƙarfin da ƙaruwar gudun. Wannan aikin Lissafin JSS3 ne, ɗauko tsohon littafinki.

Darasin da ake ciki kuma kada ki bari ya wuce ki. Zauna gaba, ki roƙi malaminku jerin abin da suka yi a zangon farko.